Yaya zan koya wa yara bishara da kayan gida?

Tambaya: Ina koyar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a makarantar Lahadi a Sabon Tasha. Da zarar na buɗe Littafi Mai Tsarki, sai hamma da mintsinin juna. An ce in riƙa koyarwa da kayan gida, amma ban san ta ina zan fara ba.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara daga madafinki. Ai Yesu ma da abin da ke gaban mutane ya koyar: gishiri da fitila a Matiyu 5:13-16, yisti cikin gari a Matiyu 13:33, da matar da ta share ɗaki tana neman tsabar kuɗinta a Luka 15:8-10.

Ki dafa doya, rabi da gishiri, rabi salam. Ki ba kowa yanka biyu, ki yi shiru ki kalli yadda suke yatsine fuska. Sai ki tambaya, "Wa ya ga gishirin?" Za su jujjuya doyar, ba su gan shi ba, amma harshe ya shaida. A daidai nan za ki karanta "Ku ne gishirin duniya," ki tambaye su me wannan ke nufi ranar da aka tsokane su a layin famfo. Kada ki amsa musu, ko da shirun ya yi tsawo.

Gab da Ista, ki huda gindin gwangwanin madara, a cika da ƙasa, kowa ya binne ƙwayar wake ya riƙa ba ta ruwa. Kafin Lahadi ta zagayo ta tsiro, kin ga Yahaya 12:24, mai maganar ƙwayar da sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya, ta samu wurin zama.

Abu ɗaya, aya ɗaya, minti goma ya isa. Kuma ki guji abin da ya fi saƙon ɗaukar hankali. Na taɓa zuba bilic, sinadarin nan na cire tabo a tufafi, cikin ruwan zoɓo don in nuna yadda ake wanke zunubi. Jan ya ɓace, yara suka yi ta tafi. Da aka tashi, suka ruga suna gaya wa iyayensu malam ya yi dabo, ba wanda ya ambaci gafara. Wani ɗan ƙarami har ya miƙa hannu zai sha ruwan. Tun ranar ban sake shiga aji da bilic ba.