In na faɗi cikin zunubi, ina da sauran daraja a wurin Allah?

Tambaya: Malam, ranar Lahadi mai wa'azi ya ce tun da Adamu ya faɗi, dukanmu tsummoki ne a gaban Allah, babu abin kirki a cikinmu. Tun ranar zuciyata ta yi nauyi, addu'a ma ta gagare ni. In ba ni da wata daraja, don me Yesu zai mutu domina?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da wannan nauyi. Abu biyu ne suka cakuɗe miki, cancanta da daraja, kuma ba ɗaya ba ne.

Kan cancanta, mai wa'azin yana da gaskiya. Romawa 3:23 ta ce duka mun yi zunubi, mun kasa kai wa ga ɗaukakar Allah, Afisawa 2:8-9 kuma ta ce ceto baiwa ce ta alheri, ta wurin bangaskiya, don kada kowa ya yi fariya. An daɗe da kai ruwa rana a kan wannan. Wani malami, Pelajiyus, ya koyar cewa mutum na iya kiyaye umarnin Allah da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya yi tsayin daka cewa sai da alheri, majalisar bishop-bishop a birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau kuma ta ƙi koyarwar Pelajiyus a shekarar 418.

Amma ki buɗe Ishaya 64:6, inda maganar tsummoki ta fito. Ayyukan adalcinmu aka kwatanta da tsummoki masu ƙazanta, wato abin da muke ɗaukowa mu ce da shi za mu sayi yardar Allah. Ayar ta yarda mun ƙazantu, sai dai a aya ta 8 masu wannan addu'a suna kiran Allah Ubansu, suna cewa su aikin hannunsa ne.

Faɗuwa ta ɓata kamannin Allah a cikin mutum, ba ta shafe shi ba. Bayan Adamu, bayan Kayinu ya kashe Habila, bayan ruwan tufana, Allah ya hana zub da jini a Farawa 9:6, dalilin da ya bayar kuwa shi ne an yi mutum cikin siffarsa. Yakubu 3:9 ma ya tsawata wa mai yabon Ubangiji da harshen da yake zagin mutane da shi, saboda wannan dalili. Gaskiya raina yana ɓaci in na ji wa'azin da ya tsaya a labarin faɗuwa na Farawa 3 kamar ba a rubuta labarin halitta na Farawa 1 ba.

Inda nake so ki daɗe shi ne Luka 15. Mace tana da tsabar azurfa goma, ɗaya ta ɓace. Ta kunna fitila, ta ɗauki tsintsiya, ta durƙusa tana bin lungu-lungu na ɗaki. Tsabar tana kwance cikin ƙura, ba ta iya ɗaga kanta, ba ta ma san ana nemanta ba. Duk da haka azurfa ce, kusan ladan aikin yini guda, shi ya sa matar ba ta huta ba sai da ta gan ta, har ta kira maƙwabta su taya ta murna. Sai kuma yaron da ya cinye gadonsa ya koma kiwon aladu. Ya taho gida yana bitar abin da zai faɗa: bai isa a ƙara kiransa ɗa ba, a mai da shi ɗan ƙodago. Uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa a guje. Kafin yaron ya kai ga roƙon aikin ƙodago, an aika a kawo riga mafi kyau da zobe da takalmi. Kalmar da ta fito daga bakin uban ita ce “ɗana”.

To, ga amsar tambayarki. Yesu bai mutu don ya ga kin cancanta ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, kuma a nan Allah ya nuna ƙaunarsa. Darajarki daga wanda ya yi ki take, shi ne kuma ya fito nemanki.

Game da addu'a, kada ki jira sai zuciya ta yi sauƙi. Yau da dare ki faɗa wa Ubangiji abin da kika faɗa mini, yadda yake. In akwai wani zunubi da ke ci miki rai, ki ambace shi da sunansa, 1 Yohanna 1:9 ta yi alkawarin gafara. In kuma nauyin ya ƙi sauka har yana hana ki barci ko cin abinci, ki sami fastonki ko wata dattijuwa a zumuntar mata ku zauna, ki kuma ga likita.