Me ya sa oda ɗaya ke shiga sau biyu?

Yarona, ka tambaye ni dalilin da fom ɗin da ka haɗa wa mai shagon atamfa yake shigar da oda ɗaya sau biyu a rumbun bayanai. Kwastoma ba shi da laifi. Buɗe fayil ɗinka ka gani: kana adana odar, nan take ka buga masa "Mun karɓa" a shafi guda. To, abu na ƙarshe da burauza ta sani shi ne POST ɗin da ta aika, wato saƙon da ke kai bayanan fom ga sabar, kwamfutar da ke riƙe da shafin. Intanet ya yi nauyi, mutumin ya ja shafin ƙasa da yatsa don ya sabunta shi, burauza ta tambaye shi ko ta sake aikawa, shi kuma ya amince bai ko karanta ba. Shi ke nan, oda ta biyu ta shiga.

Ka riƙe wannan da kyau: bayan POST ba a nuna shafi, tura mutum ake yi wani adireshin. Da zarar ka adana, rubuta:

header("Location: an-karba.php", true, 303);
exit;

Lambar 303 tana gaya wa burauza ta je can ta ɗauko shafin da GET, wato neman shafi kawai ba tare da sake aika fom ba. Daga nan ko sau nawa ya sabunta, shafin godiya kawai zai gani. Idan ba ka sa lamba ba, PHP, yaren da kake rubuta fayil ɗin da shi, 302 take aikawa, kuma burauzoci sun saba mayar da ita GET, don haka tana aiki. Amma ni na fi son 303, domin wannan aikin ne ya sa aka kawo ta a HTTP/1.1, ƙa'idar da burauza da sabar ke magana da ita, a 1997. Ka guji 307 a nan, ita takan sake kai POST ɗin da kayansa duka sabon adireshin. 301 kuwa ta ƙaura ce ta dindindin, burauza na haddace ta, sai ka gyara fayil ɗinka ka rasa me ya sa abin bai canza ba.

Kada ka raina exit ɗin nan. header() ba ta tsayar da komai, duk abin da ke ƙasanta zai ci gaba da gudana. Kuma ko tazara ɗaya ta riga <?php na farkon fayil fita, kana iya cin karo da saƙon kuskure "headers already sent", turawar ta ƙi.

GET na bincike ne da karatu, bayanansa a adireshi suke zama, kowa ya leƙa tarihin burauza zai gani. Kalmar sirri ba ta bi ta nan. Shi ma POST ba kwaɗo ba ne, HTTPS, wato adireshin da ya fara da https://, ke rufe bayanai a hanya.

Saura mai danna maɓalli sau biyu a jere, shi turawa ba ta tare shi. Ka sa wa kowane fom lambar da ake amfani da ita sau ɗaya tak, sabar ta ƙi ta idan ta dawo. Ka fara gyara turawar yau, gobe mu zauna kan wannan.