Yadda muke auna Amurka a Gadarif

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya hana mu Hausawan Sudan ɗaga murya mu kira Amurka ta zo ta raba wannan yaƙi na sojan Sudan da dakarun sa-kai na RSF, alhali ku a Kano ko a teburin mai shayi zancen ke nan.

Mu nan ba a bakin titi muke siyasa ba. A zaure ake yi, bayan isha'i, ana zagayawa da jabana, wato gahawarmu mai citta. Kakanninmu sun kafa garin Mai Wurno a nan Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, amma har gobe akwai masu yi mana kallon baƙi. Duk wanda ya ga jinin da aka zubar a rikicin Hausawa da wasu ƙabilu a yankin Damazin a 2022 ya san yadda ake riƙe harshe.

Ita kuwa Amurka, a aljihu muka san ta. Ta sa wa Sudan takunkumi a 1997, ba ta ɗage ba sai 2017. Shekara 20 kuɗi ba sa wucewa ta banki, sai dai ka damƙa wa ɗan kasuwa mai zuwa Jidda. Tarakta ta lalace, ka yi ta neman kayan gyara har damina ta wuce ka. Amma ka san abin dariya? Ƙaro ta bar masa ƙofa, don kamfanoninta na lemon kwalba ba sa iya yi sai da shi. Tun lokacin dattawanmu suka gane ashe giwar ma tana da inda ƙaya ke sukarta.

Yanzu ma haka. A watan Mayun 2023 ita da Saudiyya suka zaunar da ɓangarorin biyu a Jidda, aka sa hannu, bindiga ba ta yi shiru ba. A Janairun 2025 ta sa wa Hemeti, shugaban RSF, takunkumi, kafin kwana goma ta sa wa Burhan, shugaban soja. To Masar tana bayan soja, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ana zarginta da taimakon RSF, ko da yake tana musu, kuma duka biyun ƙawayen Amurka ne. Wa za ta murɗe wa kunne? Ga kuma fargabar kada Rasha ta samu masauki a bakin Bahar Maliya.

Shi ya sa in rediyo ta ce Washinton ta yi magana, baffana yakan rage murya, ya juyo ya tambayi nawa riɗi ya tashi yau, kuma ko hanyar Bur Sudan a buɗe take.