Hukuncin direban da ya karya dokar hanya har aka rasa rai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni direban motar haya ne, ina jigila tsakanin Gusau da Funtuwa. Mukan ɗauki mutum biyu a gaba, huɗu a baya, mu danƙara kaya a but, sannan mu taka mota don mu wuce yankin Tsafe kafin magariba saboda tsoron 'yan bindiga. Shin bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a? Idan aka yi hatsari aka rasa rai, akwai abin da ya hau kan direba, ko kuwa ƙaddara ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, duk dokar hanya da ba ta saɓa wa shari'a ba wajibi ne a bi ta, domin Allah ya umarci muminai da yi wa majiɓinta al'amari ɗa'a a aya ta 59 cikin Suratun Nisa'i, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa a hadisin da Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa. A kan haka ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Burunai a 1993, inda ta ce waɗannan dokoki maslaha ce da shugaba yake da ikon shimfiɗawa don tsare rayuka da dukiya. Saboda haka idan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ce motar haya kada ta wuce kilomita 50 a awa cikin gari, wanda ya keta kasuwar gefen titi da gudun kilomita 100 ya yi zunubi ko da bai buge kowa ba. Kasancewar wani jami'i yana karɓar na goro ya ɗauke kai ba ya halatta wannan laifi.

Mas'alar ma ba sabuwa ba ce a wajen malamanmu. Ibn Abi Zaid ya faɗa cikin Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta tattake. Mota ta fi dabba cancantar wannan hukunci, domin raƙumi yana iya zabura da kansa, ita kuwa mota inda aka murɗa sitiyari nan take nufa.

Idan sakacinka ne ya jawo mutuwa, kamar ka fita da sudaddiyar taya kana kallon zarenta, ko burkin da ka san sai an taka sau uku yake kamawa, ko ka raba kujerarka da fasinja har hannunka ya kasa kai wa giya, to wannan kisan kuskure ne. Hukuncinsa yana aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i. Diyya tana kan danginka na wajen uba, sai fa idan magada sun yafe. Kaffara kuwa a wuyanka take kai kaɗai, azumin wata biyu a jere ga kowane rai, yafewar magada ba ta sauke ta, kuma ciyarwa ba ta maye gurbinta. Na sha zama wajen ta'aziyya ina jin ana ce wa direba kwana ne ya ƙare, a watse ba wanda ya ambata masa kaffara, ga marayu zaune a zaure. Wannan yana damuna ƙwarai. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke lamuni daga wanda ya yi sakaci. Idan kuwa ka kiyaye doka, motarka lafiya ƙalau, wani ya faɗo maka ta yadda ba ka da halin kauce masa, babu komai a kanka.

Game da tsoron 'yan bindiga, idan ka gan su ko aka biyo ka, larura ta halatta maka gudu gwargwadon abin da zai kuɓutar da kai da fasinjojinka. Amma ba za a mayar da tsoro hujjar gudu ta kullum ba, alhali kana iya barin tasha da wuri maimakon jiran fasinja na bakwai har la'asar sakaliya. Wallahu a'alam.