Amsar tambayar jump the gun da 'yan uwanta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Zan amsa da murya ne don rubutun zai yi tsawo, wanda ya samu hali ya rubuta wa waɗanda ba su da data.

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin tura wa shugabarki saƙo cewa kin fara sanar da mutane ranar taro, sai ta amsa miki da "let's not jump the gun", hankalinki ya tashi saboda kin ga an ambaci bindiga. To ki kwantar da hankalinki, ba faɗa ta yi miki ba. Cewa take kada mu riga malam masallaci, a bari a tabbatar da ranar tukuna.

Bindigar nan ta filin tsere ce. Kin san masu gudu suna durƙusawa a bakin layi, alƙalin wasa ya ɗaga ƙaramar bindiga sama ya harba, sannan kowa ya zabura. Wanda ya zabura kafin ƙarar, shi ne ya yi jump the gun. Kuma ba ƙaramin laifi ba ne a wurinsu. Tun daga 2010 doka ta koma sau ɗaya tak, kana yi an kore ka. Usain Bolt na Jamaika, mai riƙe da tarihin duniya na gudun mita 100 da daƙiƙa 9.58, abin da ya same shi ke nan a gasar duniya ta 2011 a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Wasan ƙarshe ne fa, duniya na kallo, ya tashi kafin a harba, nan take ya tuɓe rigarsa don ya san an gama da shi. Ɗan ƙasarsu Yohan Blake ne ya lashe. Idan kika riƙe wannan hoton a kanki, ba za ki sake manta ma'anar ba: azarɓaɓi ne, yin abu kafin lokacinsa.

Yawwa, tunda an taɓo ta, bari in kawo 'yan uwanta, don Turawa suna son tsallen nan a maganarsu, kuma masu rubuta WAEC da NECO da JAMB suna haɗuwa da irinsu a ɓangaren fassara ma'anar jimla.

Wadda na fi so ita ce jump on the bandwagon. A Amurka ta ƙarni na 19, masu wasannin nishaɗi da ke yawo gari-gari suna da wata babbar keken doki da makaɗa da mabusa ke hawa, ana zagaya gari da ita don tara jama'a. 'Yan siyasa suka ga abin yana jan mutane, su ma suka ɗauka a yaƙin neman zaɓe. Duk wanda ya ga tafiyar wani ta yi ƙarfi sai ya ɗare keken don a gan shi a ciki. Kun ga ai mu ma muna da shi, har da kiɗan ma: 'yan bi-Yarima-a-sha-kiɗa. Mutum bai san kulob ba, ba ya kallon ƙwallo, amma ranar da suka ci kofi ya sayi rigarsu. Sai ka ce "he jumped on the bandwagon". Ku kula, akwai ɗan zargi a cikinta, kada ka faɗa wa wanda kake jin nauyinsa kana zaton yabo ne.

Sai jump to conclusions, wato yanke hukunci ba bincike. Ka kira abokinka sau biyu bai ɗauka ba, ka ce ya yi kuɗi ya daina kula mutane, alhali wayarsa na wurin mai caji. Wannan ita ce. Yawanci da s ake faɗin ta a ƙarshe, conclusions.

Jump ship kuma asalinta ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya sulale ya bar jirgin ba izini. Yanzu ana faɗin ta ga wanda ya bar wurin aiki ko jam'iyya ya koma wata, musamman idan ya ga al'amura sun fara taɓarɓarewa. A siyasa sauya sheƙa muke cewa. Jump the queue tsallake layi ne, irin na gidan mai ko na banki. Wannan ta mutanen Ingila ce, Ba'amurke zai fi cewa cut in line.

Akwai wadda nake so ma'aikata su riƙe, jump through hoops. Ta fito ne daga dabbobin wasa da ake horarwa su riƙa tsallakawa ta cikin zobe. Ma'anarta a sa ka wahalhalu kala-kala kafin a biya maka buƙata: kawo wannan takarda, je ka sa hannu can, dawo gobe, oga ba ya nan. Sai ka ce "I had to jump through hoops to get it". Koke ne, mai faɗin ta yana nuna an wana shi.

Biyu kuma na motsin rai. "She jumped down my throat", wato ta hayayyaƙo mini tun ban rufe baki ba. "I nearly jumped out of my skin", wato na firgita, hantar cikina ta kaɗa.

Abin da nake roƙonku, don Allah, ku riƙa haddace su da ƙaramar kalmar da ke bin jump ɗin, nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Jump at daban, jump on daban, jump to daban. Idan aka yi maka tayin aiki ka yi wuf ka karɓa, "I jumped at the offer" za ka ce, da at. Kuma ba a taɓa jikin maganar. Ba za ka cire gun ka sa pistol ba don kana ganin duk bindiga ce, Bature ba zai gane ka ba. Jump ɗin ne ke canzawa da lokaci, jumped, jumping.

Ƙanwata, idan za ki mayar wa shugabar taki amsa, ki rubuta mata "Noted, I'll wait until the date is confirmed", ya wadatar. Sauran kuma kowa ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya gina jimla a kan abin da ya faru da shi a makon nan, ya turo nan, zan duba su bayan sallar isha'i in sha Allahu.