Saunba Ko Lasifikoki Biyar: Wanne Ya Dace Da Falona?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sayi sabon talabijin mai inci 65. Hoto dai ba a magana, amma sautinsa ya ba ni kunya. Idan muna kallon fim, maganar 'yan wasa can ƙasa-ƙasa take, sai na ƙara murya, da an yi harbi ko an sako kiɗa sai gidan ya ɗauka. Wani abokina ya ce in sayi saunba, doguwar lasifikar nan da ake kwantarwa a ƙarƙashin talabijin. Wani kuma ya ce asarar kuɗi ce, in haɗa cikakken saiti mai lasifika biyar da wufa, akwatin nan mai fitar da sauti mai kauri. Falona mita 5 ne da 4, gefen hagu a buɗe yake ya haɗe da wani ɗaki, doguwar kujerarmu kuma a jikin bango take. Fim da ƙwallo muka fi kallo, ni kuma ina son jin waƙa. Na ga wata saunba an rubuta 11.1.4 a kwalinta. Ashe ba ta fi mai biyar ba ke nan?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka faɗi girman falon da inda kujera take, domin a wannan harka ɗaki ne ke yanke hukunci, ba lambar da ke jikin kwali ba. Yawancin masu yi mini wannan tambaya sunan kamfani kawai suke kawowa.

Bari in fara da ciwon da ya kawo ka, wato maganar da ba ta fita. Ba talabijin ɗinka ne kaɗai ba. Tun da aka mayar da talabijin siriri kamar faifai, lasifikokin cikinsa suka rasa wurin zama, sai aka matse su ƙanana, suna kallon ƙasa ko bango maimakon fuskarka. Shi kuma fim, don sinima aka tsara sautinsa, inda ake barin tazara mai yawa tsakanin raɗa da fashewa, har ƙarar kowace lasifika kan iya kaiwa desibel 105 (ma'aunin ƙarfin sauti) a ƙololuwarta. Sannan a fim ana ware wa magana hanyarta daban, ta tsakiya. Talabijin mai lasifika biyu dole ya cusa hanyoyi shida cikin biyu, sai magana ta shiga kokawa da kiɗa da ƙarar mota, kuma ita ce ke shan ƙasa. Maganin wannan shi ne lasifikar tsakiya mai zaman kanta, wadda za ka iya ƙara mata murya ita kaɗai. Saunba mai kyau tana da ita, cikakken saiti ma yana da ita. Idan da iyakar matsalarka ke nan, da na ce ka ɗauki saunba mai lamba 3.1 mu yi sallama.

Amma ka tambayi lambobi, kuma nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Lambar farko tana ƙirga hanyoyin sauti da ke daidai da kunne, ta biyu wufa ce mai fitar da duka, wato sauti mai kauri irin bugun ganga, ta uku kuma hanyoyin sama. Saboda haka 5.1 na nufin hagu, tsakiya, dama, biyu na kewaye, da wufa ɗaya. Tsarin ya fara yaɗuwa a sinima da fasahar sauti ta Dolby Digital daga 1992, DTS ya biyo baya a 1993, sai Dolby Atmos ya ƙaro sautin sama a 2012, ya iso gidaje a 2014. Abin da lambar ba ta faɗa maka ba shi ne inda kowace lasifika take zaune. Ƙa'idar da masu haɗa sautin fim suke aiki da ita ta ce lasifikar hagu da ta dama su kasance digiri 30 daga tsakiya kowacce, na kewaye kuma wajen digiri 110, wato a gefenka, ɗan baya kaɗan. To, yi lissafi da falonka. Idan kana zaune mita 3 daga talabijin, ana son tazarar hagu da dama ta kai kusan mita 3 da rabi. Saunba doguwa ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai, daga inda kake zaune faɗinta duka bai kai digiri 25 ba, alhali 60 ake nema. Ko hanya goma sha ɗaya aka rubuta, mafi yawansu daga sanda ɗaya suke fitowa a gabanka.

Kunne kuwa ba a yi masa wayo da sauƙi. Yana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar auna wane kunne ya riga ji, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, da kuma wanne ya fi jin ƙarfi. Masu ƙera saunba sun san haka, shi ya sa suka ɓullo da dabaru biyu. Ta farko ita ce harba sauti ya bugi bango ya dawo maka ta gefe, kamar yadda ake haska madubi. Yamaha ce ta yi suna da wannan tun tsakiyar shekarun 2000 da na'urarta YSP-1, mai ƙananan lasifikoki 40 a jere. Ta biyu ita ce sarrafa sautin da kwamfuta domin ya yi kama da wanda ya zagayo ta bayan kai. Ba ƙarya ba ne, suna aiki, na sha jin saunba ta ba ni mamaki a ɗaki mai kusurwa huɗu da bango ƙwarara hagu da dama. Sai dai dabarar farko tana buƙatar bango, kai kuma ka ce hagunka a buɗe yake. Sautin dama zai bugi bango ya dawo, na hagu zai wuce ɗaya ɗakin ya yi tafiyarsa. Jirgin da ya kamata ya zagaye ka sai ka ji shi ya karkata gefe guda. Ta biyun kuma ga mutum ɗaya take aiki sosai, wanda ya zauna a tsakiya cif. Wanda ke ƙarshen kujera sai dai ya ji labari.

Haka zancen yake ga lambar ƙarshe, ta sama. A saunba, ƙananan lasifikoki ne ke kallon silin, su harba, silin ya maido. Idan silin ɗinka shafaffe ne, mai tauri, bai yi tsayi ainun ba, za ka ji ruwan sama ya ɗan ɗaga daga talabijin. Idan mai tudu da kwari ne, ko mai gangara, ko an yi masa ado mai shanye sauti, kuɗin wannan lambar ya tafi a banza.

Domin in yi wa saunba adalci: waɗanda ake rubuta wa 11.1.4, irin manyan na Samsung, ba sanda kaɗai ba ce a kwalin. Suna zuwa da wufa daban da lasifikoki biyu na baya, kuma waɗannan biyun su ne ke yin aikin kewayen na gaskiya. Da zarar an sami lasifika a bayanka da gaske, rabin gardamar ta mutu. Ka dai sani cewa "marar waya" da suke faɗa, wayar sauti ce babu. Kowacce tana neman soket ɗinta na wuta. Ka duba bayan kujerarka kafin ka yi murna.

Shi kuma cikakken saiti ba waliyyi ba ne. Na taɓa shiga wani gida aka ce in duba dalilin da ya sa kayan da aka kashe wa kuɗi ba sa kewaye kowa. Ina shiga falo na tarar da lasifikoki biyar ɗin nan an jera su reras a kan kanta ɗaya ƙarƙashin talabijin, kamar 'yan makaranta a layi, an ɗora wa ta tsakiya gilashin fure. Wayoyin na baya suna nan a naɗe da robarsu, ba a taɓa warware su ba. Maigidan ya ce an hana shi ja wa falo waya ta ƙasan kafet. Wannan mutumin da saunba ya saya tun farko da ya huta, kuma da ya fi jin daɗi. Saitin da ba za a kafa shi yadda ya kamata ba, saunba ta fi shi nesa ba kusa ba. Kafin ka yanke shawara, ka tambayi waɗanda kuke zaune tare ko za su haƙura da akwatuna shida da wayoyi, domin su ma falonsu ne.

Abin da ya sa har yanzu nake karkata ga saitin a wurinka, kalma ɗaya ce da ka jefa a ƙarshe: waƙa. Kusan duk waƙar da za ka saurara hanya biyu aka naɗe ta, hagu da dama, tsarin da injiniyan Birtaniya Alan Blumlein ya yi wa rajista tun 1931. Lasifika biyu masu jiki, da aka raba da tazarar kirki, suna zana maka mawaƙi a tsakiya da makaɗa a gefe, har ka iya nuna inda kowa yake da yatsa. Saunba ba ta da faɗin yin haka, kuma ƙananan lasifikokinta ba sa sauka ƙasa sosai, sai su bar wa wufa aikin da ba nata ba. A saiti mai kyau ana miƙa wa wufa abin da ke ƙasa da 80 Hz ne, wato sauti mafi kauri, inda kunne ba ya iya cewa ga daga inda duka yake fitowa. A saunba da yawa ana ɗaga wannan iyaka sama, shi ya sa wani lokaci za ka ji kaurin muryar namiji yana fitowa daga lungun da aka ajiye wufa, bakinsa kuma yana kan allo. Idan ka ƙare da saunba, ajiye wufarta a gaba kusa da ita.

Akwai kuma zancen tsawon rai. Lasifika mai kyau takan yi shekara ashirin tana aiki, idan sabon tsari ya fito risiba kawai za ka canza, wato amfilifayar da ke karɓar sauti tana rarraba shi. Saunba kuwa komai nata a ciki yake. Ranar da allon wutarta ya ƙone ko ta tsufa, gaba ɗaya za a sauke ta, kuma lasifikokinta na baya ba sa aiki da ta wani kamfani.

Da ni ne a falonka, ba zan sayi biyar rana ɗaya ba. Zan fara da risiba, lasifika biyu masu kyau na gaba, ta tsakiya daga jerin kamfani ɗaya domin muryarsu ta zo ɗaya, da wufa. Wannan 3.1 ke nan, duk wayoyin suna bangon talabijin, babu wadda ta ratsa falo. Ya magance maganar fim, ya ba ka waƙa, ƙwallo kuma dama muryar mai sharhi da ihun 'yan kallo ne, ba ta neman fiye da haka. Daga baya idan hali ya yi, ka ƙaro biyu na kewaye. Tunda kujerarka a jikin bango take, kada ka neme musu wuri a baya, kuma ka manta da 7.1, ba ka da filinsa. Sa su a gefe da gefen kujerar, sama da kunne kaɗan, suna kallon juna. In za ka iya jawo kujerar ko da taku ɗaya ne daga bango, yi, domin a jikin bango duka yake taruwa ya yi gunji. In kuwa gida ya ƙi waya ƙememe, ɗauki saunba mai wufa da lasifikokin baya, ka bar wadda take sanda zalla tana alkawarin kewaye.

Ko wanne ka ɗauka, duba bayan talabijin ɗinka ka nemi ramin HDMI da aka rubuta wa ARC ko eARC, nan za ka soka. ARC ya zo a 2009, eARC a 2017, kuma na biyun ne ke ɗaukar sauti cikakke marar matsi irin na faifan Blu-ray. Atmos ɗin da Netflix ke turowa matsattse ne, talabijin da yawa suna wuce da shi ta ARC ma. Wayar haske ta da tana ɗaukar 5.1, amma ba ta ɗaukar Atmos. Kuma kada wat dubu da ke jikin kwali ya ruɗe ka: ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku.

Idan ka sayi risiba, za ka ga ƙaramin makirufo a kwalin. Kada ka jefar da shi. Na awon ɗaki ne: a risibar Denon da Marantz ana kiran tsarin awon Audyssey, a ta Yamaha kuma YPAO. Za ka ɗora shi daidai inda kanka yake idan ka zauna, ka yi shiru, na'urar ta yi ta fitar da wani ƙara tana auna nisan kowace lasifika. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka wadda ta fi kusa da kai sai an ɗan jinkirta ta kafin su iso kunnenka tare. A falo mai buɗaɗɗen gefe irin naka wannan awon yana gyara abu da yawa.

Wurin ajiye wufa kuma ga yadda muke nemo shi, ko da za a yi maka dariya. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, sa waƙa mai duka, ka durƙusa ka yi rarrafe a gefen bangon gaba kana saurare. Za ka ji wani wuri dukan ya kumbura yana gunji, wani wuri ya ɓace kamar an kashe, wani wuri kuma ya fito tsaf kana bambance kowane bugu. Sa alama a wannan wurin na uku, ka sauko da wufar ka ajiye ta nan. Kafin kayan su iso kuma, shiga saitin sautin talabijin ɗinka yau da dare ka kunna yanayin dare ko na ƙara fitar da magana, zai rage maka yawan ɗaukar rimot.