Me ya sa Java ke fito min da Dalibi@1b6d3586?

Tambaya: Salam Malam, ina koyon Java ne, na haɗa kilas mai suna Dalibi na sa masa suna da lambar rajista, amma da na ƙirƙiri obijek ɗinsa mai suna d na yi System.out.println(d) don ya nuna min shi sai kawai Dalibi@1b6d3586 ya fito, wallahi har na zaci kwamfutar ce ta lalace. Ina na yi kuskure? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena, kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne duk wani kilas a Java ɗan Object ne, wato kilas ɗin da sauran duka suka samo asali daga gare shi, to a wajensa ya gaji toString(), wadda ke mayar da obijek ya zama rubutu, kuma ita println take kira a ɓoye duk sanda ka miƙa mata obijek. Ita wannan ta gado ba ta san komai game da ɗalibinka ba, sunan kilas kawai take kawowa, sai alamar @, sai hashCode, wato wata lamba da Java ke ba obijek, a lissafin heksa mai amfani da 0 zuwa 9 da a zuwa f, shi ya sa ka ga haruffa sun cakuɗe da lambobi.

Maganin, kai za ka rubuta taka toString() a cikin Dalibi, ta dawo da suna + " " + lamba, shi ke nan. Amma don Allah ka sa @Override a samanta, wato alamar da ke gaya wa Java kana maye gurbin ta gado ne, ni dai ba na yi wa ɗalibaina sassauci a nan, saboda in hannunka ya kuɓuce ka rubuta tostring da ƙaramin s, Java ba za ta ce maka uffan ba, za ta ɗauka wata sabuwa ce daban, ka kwana kana neman inda matsalar take, alhali da @Override nan take za ta tsayar da kai.

In jerin lambobi ne irin int[] kuwa, wani abu mai farawa da [I@ za ka gani, sai ka bi ta Arrays.toString().

Ran da ka koma Python ma haka ne, sai dai can biyu ne, __str__ don mai karatu, __repr__ don mai rubuta kod, kuma obijek ɗin da ke cikin lis da __repr__ ake nuna shi.

Abu ɗaya da ya dame ni sosai, kar ka kuskura ka sa fasuwod ko lambar BVN ta mutum a cikin toString(), don duk inda aka yi firintin obijek ɗin nan sai sirrin ya bi shi, har yana iya zama a fayil ɗin da ake adana abin da aka yi firintin.